Tambayoyinku: 'Yata za ta shiga binciken giya a jami'a, in bar ta ko in hana?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki warware min wani abu da ya hana ni barci kwana biyun nan. Mu asalinmu 'yan zangon Kumasi ne amma shekararmu 21 a Bronx, babbar 'yata nan aka haife ta, yanzu tana shekara ta biyu a jami'a tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Satin da ya wuce ta shigo da murnarta wai an ɗauke ta a wani shiri na hutun bazara, sati 10, za a haɗa ta da wata farfesa ta koya mata bincike, za a ba ta ɗaki a makarantar har da alawus. To matsalar binciken a kan giya ne. Babanta da ya ji kalmar giya ko ƙarshen maganar bai tsaya ji ba ya ce ba da 'yarsa ba, ni kuma na rasa inda zan sa kaina, yarinyar tun ranar ba ta da walwala. Sannan akwai abin da ya tsaya min a rai, wai shirin na yaran da irinsu ba su da yawa a harkar kimiyya ne, shine nake cewa ko dai tausayinta aka ji aka ɗauke ta ba don ƙoƙarinta ba? Me ake yi a wurin nan ne Anti, giyar za ta dinga taɓawa?
Uwar ɗaliba, Bronx

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana su. Bari in fara da Alhaji, wallahi ban ga laifinsa ba ko kaɗan, duk uban da ya ji an haɗa sunan 'yarsa da giya a jimla ɗaya dole gabansa ya faɗi, balle a ƙasar da kana fita ƙofar gida shagon barasa ne a kusurwar layi. Amma ni shawarata ku bar ta ta je, bayan kun yi wasu tambayoyi da zan gaya miki, kuma zan faɗa miki dalilina dalla-dalla don ki samu abin da za ki zauna ki faɗa wa Alhaji bayan ya ci abinci hankalinsa ya kwanta.

Kuɗin irin wannan shiri yawanci daga gwamnatin Amurka yake fitowa ta hannun NIH, wato babbar hukumar binciken lafiya da ke Bethesda a jihar Maryland, tana da cibiyoyi 27 a ƙarƙashinta, ɗaya daga ciki NIAAA ita aikinta kacokan binciken illar giya ne da yadda za a yi maganin jarabarta. An kafa NIAAA ɗin da wata doka ta 1970, kuma wanda ya tsaya tsayin daka a majalisar dattawa har dokar ta wuce Sanata Harold Hughes ne na jihar Iowa, mutumin da shi kansa giya ta taɓa wahalar da shi ya samu ya rabu da ita, bai ɓoye wa kowa ba. Kinga tun daga tushe ba gidan tallata giya ba ne, gidan waɗanda suka ga ɓarnarta da idonsu ne. Kuma ɓarnar ba ƙarama ba ce Hajiya, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta mutum kusan 178,000 ke mutuwa duk shekara a Amurka sanadiyyar yawan shan giya a shekarun 2020 da 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 2.6 suka mutu a duniya ta wannan hanyar. A Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa giya na da hannu a cutar daji iri 7, har da ta mama da ta hanta da ta maƙogwaro, abin da yawancin masu sha ba su ma sani ba. Duk waɗannan alƙaluman wasu ne suka zauna suka tattara su, kuma a cikin masu tattarawar akwai yara irin 'yarki da suka fara daga hutun bazara ɗaya.

To me za ta dinga yi da safe in ta shiga? Ya danganta da farfesar, kuma nan ne tambayarki ta taɓa giya take da muhimmanci. Tunda halayyar ɗan Adam take karantawa, abin da na fi zato aikin tambayoyi ne da kwamfuta. Sati na farko ma ba za ta ga kowa ba sai ta gama kwas ɗin ɗa'ar bincike, yadda ake neman yardar mutum kafin a tambaye shi, yadda ake rufe sirrinsa, sunansa ba ya zama wuri ɗaya da amsoshinsa sai dai lamba. Daga nan za a koya mata kayan aikin. Akwai wata takardar tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai suna AUDIT, da ita ake gane wanda shan sa ya fara shiga haɗari. Akwai kuma wata dabara da nake son ta sosai, a ajiye wa mutum kalanda a gabansa a ce mu koma baya kwana 30 ko 90, wace rana ce bikin wani naka, wace rana aka biya ka albashi, wace rana kuka yi faɗa da matarka, sai a bi rana-rana yana tuno abin da ya sha. Na taɓa zama a bayan ɗaki ina kallon wata ɗaliba tana gwada wannan hirar, mutumin babba ne ya haife ta, da farko yana ta wasa da maganar yana dariya, da suka kai ƙarshen watan ta juya masa kalandar ya ga kwanakin da aka zagaye da biro sun fi waɗanda ba a zagaye ba yawa nesa ba kusa ba, sai ya yi shiru, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce shi bai taɓa lissafawa ba. Yarinyar ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce komai ba ma, ta dai miƙa masa takardar wuraren da ake samun taimako kamar yadda aka koya mata. Irin wannan aikin ne, sai shigar da alƙaluma, sai koyon manhajar lissafi irin su R ko SPSS, sai karanta takardun bincike ana zama duk sati ana fashin baƙinsu, ƙarshen sati 10 ta haɗa fosta babba ta tsaya a gabanta tana yi wa mutane bayanin abin da ta gano.

Amma ba zan rufe ki ba, akwai wasu dakunan binciken da giyar ake amfani da ita da gaske. Wasu da ɓeraye suke aiki, ana sa musu ruwa mai giya a kwalba cikin duhu lokacin da suka fi kuzari ana auna nawa suka sha sannan a duba abin da ya faru da ƙwaƙwalwarsu da hantarsu. Wasu kuma mutane ake ba wa, waɗanda suka kai shekara 21 kuma dama suna sha, har akwai jami'o'in da suka gina ɗaki kamar mashaya don gwaji, wanda ya yi suna shine na Farfesa Alan Marlatt a Jami'ar Washington da ke Seattle. Shi da abokan aikinsa ne tun shekarun 1970 suka nuna wani abin mamaki, a ba mutum lemo zalla a ce masa da giya a ciki sai ya dinga kwankwaɗa yana nuna halin wanda ya sha, a ba wani giyar a ce masa lemo ne sai ya sha kaɗan, wato abin da mutum ya sa a ransa yana da ƙarfi ƙwarai a kan halinsa, kuma wannan ilimin ya shiga cikin yadda ake yi wa masu jaraba magani har yau. Ilimi ne mai amfani, amma ni da ke mun san hadisin da ya ambaci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukar ta da mai zuba wa wani, don haka in da za a ce 'yarki ta auna ta zuba a kofi ta miƙa wa mutum to wannan magana ce ta daban, ni ba malamar fiƙihu ba ce, ku kai wa malamin da kuka yarda da iliminsa da cikakken bayanin aikin ya ba ku fatawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tun yanzu ta rubuta wa farfesar imel ta tambaya kai tsaye, shin aikina zai haɗa da ba mutane giya, in eh ina neman a sa ni a ɓangaren tambayoyi da alƙaluma saboda addinina. Wannan ba abin kunya ba ne a can, an saba da irin sa, kuma yadda farfesar za ta amsa ma zai nuna muku wace iri ce. Ta haɗa da maganar sallah da abincin halal da ɗakin kwana na mata zalla duk a imel ɗin ɗaya, a samu amsa a rubuce, Alhaji ya gani da idonsa.

Yanzu maganar da ta tsaya miki a rai, ta tausayi. Hajiya ki cire wannan daga zuciyarki dan Allah, kuma kar ki bari 'yarki ta ji ta daga bakinki, don ita kanta akwai ranar da shaiɗan zai raya mata haka a tsakiyar lab, wato ɗakin bincike, in ta ga ita kaɗai ce mai ɗankwali. Waɗannan shirye-shiryen ana neman su ne da sakamakon jarrabawa da wasiƙun malamai da rubutun da ɗalibi ya yi da kansa, masu nema sun fi guraben yawa, ba a raba su kamar zakka. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro su kuwa a fili yake. Ɗan farfesa tun yana sakandare ya san mene ne lab, ya san yadda ake rubuta wa malami wasiƙa, in hutu ya zo ba ya buƙatar aikin kanti don ya biya kuɗin littafi, zai iya yin bincike kyauta wata uku. 'Yar direban tasi kuwa ko mai kitso, ko da ta fi shi kai, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ana biyan mutum ya yi digirin digirgir a kimiyya, ba shi ke biya ba. Alawus ɗin nan da ɗakin don su cike wannan gibin ne. Kuma jerin da NIH ta daɗe tana amfani da shi kafin 2025 ba launin fata kaɗai ba ne, akwai baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da jajayen Indiyawa 'yan asalin ƙasar da mutanen tsibiran Pasifik, amma akwai masu naƙasa, da waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da yaran karkara ko farare ne. A 2011 wata masaniyar tattalin arziki, Donna Ginther ta Jami'ar Kansas, ta fitar da bincike a mujallar Science da ya girgiza NIH ɗin kanta, ta nuna masu bincike baƙar fata damar su ta samun babban tallafin hukumar ta yi ƙasa da ta farare da maki 10 cikin 100 ko bayan an daidaita karatu da wurin aiki da yawan rubuce-rubuce. Kinga ba tatsuniya ba ce.

Ga kuma abin da ya fi damuna ni, wanda shine ainihin dalilin da nake so ta je. Wanda ke bincike shi ke zaɓen tambayar da za a yi. In babu namu a ɗakin, ba wanda zai tambayi abin da ke faruwa a gidajenmu. An daɗe ana yaɗa cewa jajayen Indiyawa jininsu ne ba ya jure giya, duk mashaya ne, sai da aka zauna aka duba alƙaluma aka ga waɗanda ba sa sha kwata-kwata sun fi yawa a cikinsu a kan farare. Baƙar fatan Amurka a jimlace ba su kai farare sha ba amma in matsala ta zo sun fi shan wahalarta ta fuskar lafiya da 'yan sanda da rashin samun magani. To mu fa, Musulmin Afirka ta Yamma da ke Bronx da Harlem da Philadelphia? Ki gaya min gaskiya Hajiya, ba ki san gida ko ɗaya ba da yaro ke dawowa da asuba yana tauna cingam don kar a ji wari? Ni na sani. Na san wata baiwar Allah da ta ɓoye na ɗanta shekara da shekaru, in an tambaya ta ce aikin dare yake, in ya kwanta rashin lafiya ta ce shawara ce ta jiƙa masa sassaƙe, saboda in maganar ta fita wa zai auri ƙannensa mata, ranar da aka kai shi asibiti idonsa ya yi ɗorawa cikinsa ya kumbura hantar ta riga ta tafi. A wurin zaman makoki ba wanda ya furta kalmar, ni ma ban furta ba, kuma har yau abin na ci na. Yaron nan da likita ya tambaye shi kana sha cewa zai yi a'a ni Musulmi ne, likitan ya rubuta ba ya sha ya wuce. Wa zai gane cewa wannan a'ar tana da bayani in ba wadda ta tashi a cikinmu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma addininmu bai ce a jefar da su ba, a Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana ya ce yana son Allah da ManzonSa. Yau akwai magunguna 3 da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su don jarabar giya, disulfiram da naltrexone da acamprosate, amma kaɗan ne cikin masu buƙata ke samun su, a cikin mutanenmu kuwa da yawa ba su ma taɓa jin akwai ba. Ko cewa wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya daina farat ɗaya ba likita zai iya kamuwa da farfaɗiya har ya rasa ransa, iyaye nawa suka sani kafin su kulle yaro a ɗaki?

Abu na ƙarshe, ku tabbatar kuɗin na nan. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai shirye-shirye da yawa suka canza sharuɗɗa suka buɗe wa kowa, sannan a 2025 gwamnatin Trump ta soke tallafin da dama daga cikin irin waɗannan, har da tsofaffi irin su MARC da aka shafe shekaru kusan 50 ana yi. Wasu jami'o'in sun ci gaba da aljihunsu wasu sun rufe. Ta nemi takardar ɗauka da ta faɗi nawa ne alawus, yaushe ake biya, wa ke biyan ɗaki da kuɗin mota, kafin ta ajiye wani aikin hutun da ta samu. In Alhaji zai iya, ranar fosta ku je tare, ana barin iyaye su shiga a wurare da yawa, gani ya kori ji.

*

Anti barka da aiki. Ni namiji ne ina shekara ta uku a wata jami'a a Ohio, na shiga irin shirin nan na bincike tun watan Satumba a ɓangaren shaye-shayen matasa, amma gaskiya farfesan da aka haɗa ni da shi sau biyu na taɓa ganinsa, kullum wata ɗalibar digirgir ce ke ba ni aiki kuma aikin bai wuce kwafe lambobi daga takarda zuwa kwamfuta ba. Ina jin nauyin in yi magana kar a ce ban da godiya. In haƙura ne ko in bari?
Ɗalibi, Ohio

Ƙanena wannan jin nauyin na san shi, tarbiyyarmu ce, an koya mana ba a kallon babba a ido ba a tambayarsa me ya sa, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida amma a lab in ka yi shiru ɗauka ake ba ka da sha'awa. Farfesa ba zai taɓa fassara shirunka da ladabi ba, zai ce yaron nan ya gamsu da abin da yake yi.

Kar ka bari tukuna, kuma kar ka raina ɗalibar nan, a yawancin dakunan bincike masu digirgir ɗin su ne ke riƙe hannun ƙanana da gaske, farfesa rabin lokacinsa neman kuɗi yake da taro. Shigar da lambobi ma kowa da shi ya fara, kuma kuskure ɗaya a nan yana iya lalata aikin shekara. Inda matsalar take shine wata da watanni ba ka san tambayar da lambobin ke amsawa ba, wannan ba horo ba ne, kuma shirin da ya ɗauke ka an ba shi kuɗi ne bisa alkawarin za a koya maka bincike, don haka haƙƙinka kake nema ba alfarma ba. Ka rubuta wa farfesan gajeren imel, ka sa ɗalibar a ciki don kar ta ji ka tsallake ta, ka nemi minti 20. Kafin ranar ka karanta takarda ɗaya da ya rubuta kwanan nan ko da rabi za ka gane, ka je da tambaya ɗaya taka ta kanka da za a iya dubawa a cikin alƙaluman da kake shigarwa, misali ko matasan da ke zuwa wurin ibada duk sati shan su ya bambanta da na sauran, ko waɗanda iyayensu baƙi ne. Ka ce kana son ka mayar da ita fosta ka kai taron ɗalibai irin ABRCMS da ake yi duk ƙarshen shekara, ko taron ƙungiyar masu binciken giya ta RSA da ake yi a watan Yuni. Ka nemi a sa muku ranar haɗuwa ko sau ɗaya a wata ne, a rubuta. Malamai da yawa da ka yi haka za ka ga sun farka, don yaron da ya zo da tambayarsa shi suke nema. In ka yi sau biyu ba amsa sai ka je wurin mai kula da shirin ka ce kana son a canza maka jagora, ana yi, ba faɗa ba ne. Ka tuna abin da za ka fita da shi daga nan mafi tsada wasiƙar da malamin zai rubuta maka ce ranar neman digiri na gaba, kuma wanda ya gan ka sau biyu ba abin da zai rubuta sai sunanka.

*

Salam Anti, ni ɗalibi ne a Kano ina aji uku a fannin lafiyar al'umma, ina ganin tallan irin waɗannan shirye-shiryen na Amurka a intanet kuma ina da sha'awar binciken shaye-shaye sosai saboda abin da nake gani a unguwarmu. Zan iya nema daga nan?
Ɗalibi, Kano

Wa alaikas salam ɗana. Amsar ba mai daɗi ba ce, waɗanda gwamnatin Amurka ke biya kusan duk sharaɗinsu sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin kuma yana karatu a jami'ar can, don haka kar ka ɓata kuɗin data kana cike fom, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi ɗan damfara ne, ba a biyan ko sisi wajen nema.

Amma abin da ke cikin shirin, wato babba ya riƙe hannun ƙarami su yi bincike tare, wannan ba sai da biza ba. Kai kana zaune ne a tsakiyar tambayoyin da ba a amsa ba. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma wannan lissafin bai haɗa da giya da taba ba, a shekarar ce ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Me ya maye gurbin kodin a unguwarku bayan nan? 'Yan mata da matan aure da ke sha a ɓoye ina suke zuwa in suna son dainawa? Giyar leda da ake ta rigima da NAFDAC a kan hana ta, su wa ke saye a tashoshin mota? Ka duba sashen masu tabin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, ga na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, duk akwai likitoci da ke rubuta bincike kuma kullum suna buƙatar wanda zai taya su hira da mutane da Hausa mai kyau da shigar da bayanai. Ka nemi mujallar African Journal of Drug and Alcohol Studies ta cibiyar binciken shaye-shaye ta CRISA da Farfesa Isidore Obot ya kafa, ka duba sunayen waɗanda suka yi rubutu daga arewa, ka zaɓi mutum biyu ka karanta aikinsu sannan ka je ofishinsu da kanka da sallama, ka ce na karanta abin da ka rubuta a kan kaza, ina son in taya ka aiki ko ba biya in koya. Furojet ɗinka na aji huɗu ka fara shi tun yanzu a ƙarƙashin ɗayansu, kuma kar ka yi hira da mutum ko ɗaya a kan shan sa sai kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ko na asibitin ya ba ka izini a rubuce, saboda maganar da za su gaya maka tana iya raba aure ko ta kai mutum hannun hukuma in ta fita. In ka gama da aiki ɗaya mai kyau a hannu da malamin da ya san ka, neman digiri na gaba a waje wata ƙofa ce da za ka iya gwadawa, ka sake rubuto min lokacin mu duba takardun tare.